Matsalolin Lafiyar Mata a Ƙasar Hausa: Daga Balaga zuwa Tsufa

Gabatarwa

Hausawa na cewa, "Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke." Duk wanda ya zauna a cikinsu zai lura cewa gaisuwarsu kusan duka tambayar lafiya ce: a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi gida da yara, amsa kuwa ba ta wuce "lafiya lau". Sai dai akwai larurorin da wannan amsa take rufewa. Mace takan ce "lafiya lau" alhali ta yi wata shida tana jin ƙullutu a nononta, ko kuwa jini yana zubar mata ba a lokacinsa ba, amma kunya ta hana ta faɗa wa ko da mahaifiyarta.

Abubuwa biyu ne suka sa lafiyar mata ta bambanta da ta maza. Na farko halitta ce: mace ce take yin haila, ita take ɗaukar ciki, ta haihu, ta shayar, daga baya kuma hailar ta ɗauke, kuma kowane mataki yana da nasa haɗari. Na biyu kuwa yanayin zama ne, wato irin abincin da take samu, da ilmin da ta yi, da nisan da ke tsakaninta da asibiti, da kuma wanda yake da ikon cewa a tafi da ita can. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kusan 260,000 ne suka rasu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa, kuma fiye da kashi 25 cikin 100 na wannan adadi a Nijeriya ne. Arewacin ƙasar, inda mafi yawan Hausawa suke, yana daga cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Wannan maƙala za ta bi rayuwar mace daga balaga zuwa tsufa, ta bayyana manyan larurorin kowane mataki, da musabbabinsu, da kuma kalmomin da Hausawa suke amfani da su wajen ambatonsu.

Sakaya Zance

Bahaushe ba ya son ambaton abin da ya shafi al'aura kai tsaye, saboda haka ya tanadi kalmomin sakayawa. "Haila" kalma ce ta aro daga Larabci, an fi jin ta a bakin malamai. A cikin gida kuwa sai a ce "al'ada" ko "baƙon wata", ko a ce wance "tana fashin salla". In hailar ba ta zo ba a ce ta yi "ɓatan wata", wanda sau da yawa shi ne alamar farko ta shigar ciki. Mai ciki ana kiran ta "mai juna biyu". Wadda take naƙuda "tana kan gwiwa", domin a al'adance a durƙushe ake haihuwa. Idan ta haihu a ce "ta sauka", ko "an sami ƙaruwa", in kuwa cikin ya zube kafin lokacinsa a ce "ta yi ɓari". Gaisuwar da ake yi wa wadda ta haihu, wato "barka da arziki", ita ce dai ake yi wa wanda ya tsira daga haɗarin mota ko gobara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda Hausawa suke kallon haihuwa.

Akwai kuma wasu kalmomi masu faɗin ma'ana, kamar "sanyi" da "zaƙi" da "gishiri" da "daji", waɗanda kowace ɗaya takan ƙunshi cututtuka da dama da likita yake rarrabewa. Wanda ya raka mahaifiyarsa asibiti a Jidda ko Landan don ya yi mata tafinta, in ta ce "sanyi ke damuna", bai kamata ya fassara da sanyin hunturu ba. Wajibi ne ya bar likita ya ƙara tambaya, domin mai yiwuwa ƙaiƙayin gaba take nufi, ko zafin fitsari, ko ciwon gaɓoɓi.

Balaga da Ƙarancin Jini

Yawancin 'yan mata suna fara haila tsakanin shekara 10 zuwa 15. Daga farkon wata haila zuwa farkon mai bi mata yakan ɗauki kwana 21 zuwa 35, jinin kuma yakan yi kwana 2 zuwa 7. A shekarun farko ba ta cika daidaita ba, wannan kuwa ba ciwo ba ne. Ciwon mara da yake zuwa tare da ita yana faruwa ne domin mahaifa tana matsewa don ta fitar da jinin, kuma ɗumama marar da maganin rage zafi sukan wadatar. Amma ciwon da yake kwantar da yarinya kowane wata, ko jinin da ya wuce mako, ko mai fita guda-guda da yawa, yana bukatar a ga likita. Mai amfani da ƙunzugu maimakon audugar mata ya kamata ta wanke shi da sabulu ta shanya a rana. Kunya takan sa a shanya shi a ƙuryar ɗaki, inda ba ya bushewa sosai, daga nan sai ƙaiƙayi ya biyo baya.

Larurar da ta fi yaɗuwa tun daga wannan mataki ita ce ƙarancin jini. Binciken alƙaluman jama'a da lafiya da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da shi. Jajayen ƙwayoyin jini su ne suke ɗaukar iskar da aka shaƙa zuwa sassan jiki, kuma ba sa ginuwa sai da sinadarin ƙarfe. Mace tana asarar wannan sinadari kowane wata, zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin, tsutsar ciki kuma tana shan nata rabo. Bugu da ƙari, a gidaje da yawa tsokar nama kwanon maigida take fara shiga. Alamomin ƙarancin jini su ne kasala da jiri da haki, da kuma ɗashewar tafin hannu da cikin ido. Hanta da nama da kifi da wake da ganyaye irin su zogale da alayyafo da rama suna ƙara jini. Lemo da gwaiba suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin, shayi kuwa in an sha shi tare da abinci yana rage tsotsarsa.

Ana kuma haihuwar jarirai kimanin 150,000 a kowace shekara a Nijeriya da amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Idan miji da mata duka suna da rukunin AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai SS. Ciwon yana kama maza da mata, sai dai jinyarsa a wuyan uwa take, kuma mace mai sikila tana cikin haɗari na musamman idan ta sami ciki. Saboda haka ne Saudiyya ta wajabta gwaji kafin aure tun shekarar 2004, Jihar Kano ma ta kafa irin wannan doka a shekarar 2024.

Goyon Ciki da Awo

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, na farko a cikin wata uku na farko. Wannan ziyara ita ake kira "awo". A wurin awo ana auna hawan jini, a gwada fitsari da jini, a duba kwanciyar jariri, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini, a kuma yi allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora. A wuraren da sauro yake da yawa ana ba da Fansidar daga wata na huɗu, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku, tare da gidan sauro mai magani, domin zazzaɓi yana sa ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. Matan da suka daɗe a Ingila ko Amurka jikinsu yakan rasa ɗan juriyar da ya saba da ita ga wannan zazzaɓi, don haka mai cikin da za ta zo ganin gida tana bukatar maganin rigakafi tun kafin ta taso.

Al'ada takan jinkirta awo. Ana jin kunyar cikin fari, amarya kuma takan ɓoye shi har sai ya fito fili. Wasu iyalai sukan mayar da ita gidan iyayenta idan cikin ya tsufa, abin da ake kira "goyon ciki", ta haihu a can. Muhimmancin awo ya bayyana ƙarara a wani babban bincike da Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranta a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda aka bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a shekarar 1985. Binciken ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa ƙwarai a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da wahala ta kawo su, kuma ta yi ƙaranci a cikin waɗanda suka yi makaranta. Ya kuma nuna cewa ƙananan 'yan mata masu cikin fari da aka ba su maganin zazzaɓi da na ƙarin jini sun ci gaba da ƙara tsawo a lokacin da suke ɗauke da cikin.

Haɗuran Haihuwa

Har yanzu mata da yawa a karkarar ƙasar Hausa a gida suke haihuwa. Ana yabon wadda ta daure ba ta yi raki ba, ungozomar gargajiya kuwa sau da yawa aikinta yakan fara ne bayan jariri ya faɗo: ta yanke cibi, ta yi wanka, ta binne mabiyiya. Haihuwa da dama sukan zo da sauƙi, amma akwai abubuwa uku da ba a iya maganinsu a cikin ɗaki.

Na farko shi ne zubar jini. Bayan mabiyiya ta fita, mahaifa takan dunƙule ta yi tauri, ta haka take toshe jijiyoyin da suka buɗe. In ta saki, sai jini ya ɓalle, kuma yana iya kashe mace lafiyayya cikin sa'a biyu. Zubar da ta kai rabin lita ta zama abin tsoro, amma ido ba ya iya auna jini daidai, wasu kuma suna ɗaukar cewa ƙazanta ce take fita. Allurar oksitosin da ƙwayar misofurostol suna sa mahaifa ta dunƙule. A shekarar 2023 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano take cikin jagororinsa. An riƙa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a san adadin jinin da ya zuba, kuma da zarar ya kai iyaka sai a haɗa dukkan matakan magani a lokaci guda maimakon a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan dabara ta rage mummunar zubar jini da abin da take jawowa da kimanin kashi 60 cikin 100.

Na biyu shi ne jijjiga, wadda wasu suke kira taune-taune. Tana farawa da hawan jini bayan mako na 20 na ciki, idan awo ya kai 140 bisa 90, tare da alamar taɓuwar ƙoda a cikin fitsari. Ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, duk gargaɗi ne. In ba a kula ba sai mace ta faɗi tana jijjiga tana taune harshe. Ganin haka yakan sa a zaci iskoki ne, a tsaya hayaƙi da tofi, alhali kuwa allurar magnesiyam salfet tana tsayar da jijjigar, sannan a raba ta da cikin. An fi ganin wannan larura a cikin fari.

Na uku shi ne doguwar naƙuda, wato idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko kuwa ya kwanta a gicciye. A gargajiyance akan danganta wannan da "zaƙi", a ce shi ya toshe hanya, a yi ta ba da jiƙe-jiƙe masu ɗaci. Amma ƙashi ba ya buɗewa da jiƙo, maganin kawai shi ne a yi tiyata a ciro jaririn. Naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta ba a haihu ba ta wuce zaman gida.

A shekarar 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa jinkiri iri uku ne yake kashe masu haihuwa. Akwai jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, kamar inda maigida ya yi tafiya kuma babu mai ikon ba da izini. Akwai jinkirin isa can saboda rashin mota ko lalacewar hanya da damina. Akwai kuma jinkirin samun kulawa bayan an isa, saboda rashin jini ko likita ko kuɗi. Don rage na ukun, Gana ta shigar da kula da masu ciki kyauta cikin inshorar lafiyarta a shekarar 2008, gwamnatin Nijeriya kuma ta ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata mabukata a watan Nuwamba na 2024. Na farkon kuwa maganinsa a gida yake: maigida ya bar izini da kuɗin mota tun kafin watan haihuwa ya kama.

Yoyon Fitsari

Matar da ta tsira daga doguwar naƙuda ba lallai ne ta tsira lafiya ba. Idan kan jariri ya yi kwanaki yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ba ya isa wurin, sai naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya zube ya bar ƙofa tsakanin mafitsara da farji, daga nan fitsari ya riƙa zuba dare da rana ba tare da ta iya riƙe shi ba. Wani lokaci ƙofar takan haɗa har da hanyar bayan gida. Mafi yawan lokuta jaririn ma ba ya zuwa da rai. Wari yakan sa mutane su guje ta, ta daina shiga taron biki ko suna, ta shiga damuwa game da tsarkinta na salla, da yawa kuma aurensu yakan mutu.

Ƙananan 'yan matan da ƙugunsu bai gama girma ba suna cikin haɗari sosai, amma larurar tana samun har wadda ta haihu sau da yawa. Wani musabbabin shi ne yankan gishiri, inda wanzami ko ungozoma suke sa aska su yi tsaga a cikin farji da nufin maganin doguwar naƙuda ko rashin haihuwa, sai askar ta shiga mafitsara. Dokar hana cin zarafin jama'a da Nijeriya ta kafa a shekarar 2015 ta haramta kaciyar mata da al'adu masu cutarwa irin wannan.

Yoyon fitsari yana warkewa. Asibitin da Catherine Hamlin da mijinta Reginald suka buɗe a Adis Ababa ta ƙasar Habasha a shekarar 1974 ya zama abin koyi a Afirka. A ƙasar Hausa kuwa, Dokta Kees Waaldijk, wani likita ɗan ƙasar Holan, ya fara ɗinke wannan larura a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina a shekarun 1980, ya yi wa dubban mata aiki, ya kuma horar da likitoci masu yawa. Akwai cibiyoyi a Kano da Ningi, da kuma Danja kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wadda aka buɗe a shekarar 2012. Mafi yawan ƙofofin suna rufuwa da tiyata, ƙaramar ƙofa sabuwa ma takan rufe da kanta idan an sa robar fitsari da wuri. Bayan aiki ana bukatar hutun watanni kafin a koma shimfiɗar aure, haihuwa ta gaba kuma a asibiti ta hanyar tiyata. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 23 ga Mayu ta kowace shekara don yaƙi da wannan larura.

Jego

Kwana 40 na bayan haihuwa su ne jego. Mai jego tana hutawa daga aikin gida, ana ba ta kauri da tuwo da miya mai yaji da daddawa, ana yi mata wankan tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ko na tsamiya safe da yamma, tana kuma shan kunun kanwa. A da har kwanciya take yi a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Manufar duk wannan ita ce a kori "sanyi", jiki ya gasu, nono ya kawo.

Hutu da abinci da kulawar dangi alheri ne babba. Amma a shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan ciwon zuciya a cikin masu jego, har kimanin mace 1 cikin 100 da suka haihu, suka kuma danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa da tsananin zafi. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu biranen Nijeriya ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin sinadarin seleniyam, da hawan jinin ciki. Ko ma mene ne asalinsa, alamominsa sanannu ne: haki, da tari idan an kwanta, da kumburin ƙafafu. Mai hawan jini bai kamata ta sha kanwa ba, ruwan wanka kuma kada ya kai ga ƙuna. Zazzaɓi tare da jini mai wari alama ce ta ƙwayoyin cuta a mahaifa, kuma yana kisa in an yi sakaci.

Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu suke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko na jariri. Ana son a shayar da nono zalla wata 6, a kuma bar tazarar aƙalla wata 24 kafin wani ciki. Hausawa sun daɗe da sanin illar rashin tazara, shi ya sa suke da kalmomin "kwanika" da "rurrutsa". Har ila yau, fiye da mace 1 cikin 10 takan shiga ciwon damuwa bayan haihuwa, ta riƙa kuka babu dalili, ta kasa barci, ta ji ba ta son jaririn. Wannan ciwo ne mai magani, bai kamata a ɗauke shi rashin godiya ba.

Sanyi, Ƙari da Rashin Haihuwa

Abin da mata suke kira "ciwon sanyi" ya haɗa cututtuka daban-daban. Wasu daga sauyin yanayin farji suke tasowa, musamman bayan yawan wanke ciki da sabulu ko cushe-cushen kayan mata. Wasu kuwa ta hanyar saduwa ake ɗaukarsu, kuma ba sa warkewa sai an yi wa miji da dukkan matansa magani tare. Zaton da ake yi cewa daga masai ake kwasarsu ba shi da tushe. Idan irin na biyun ya haura sama yakan toshe bututun da ƙwai yake bi, ya jawo rashin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa.

Ƙarin mahaifa tsiro ne na tsoka wanda ba sankara ba ne. Ya fi yawa a cikin baƙaƙen mata, kuma yakan fito musu da wuri. Da yawa ba ya damun mai shi, amma wani yakan kawo yawan jini da girman ciki. Game da rashin haihuwa kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa yana shafar mutum 1 cikin 6 a wani lokaci na rayuwarsa. A al'ada mace ake ɗora wa laifi, a kira ta juya, alhali a kusan rabin ma'auratan akwai matsala ta ɓangaren namiji, kuma gwajinsa ya fi na mace sauƙi da araha.

Sankarar Mama da ta Bakin Mahaifa

Sankarar mama ce ta fi kowace sankara yawa a cikin mata. A shekarar 2022 an gano ta a jikin mata kimanin miliyan 2.3 a duniya. Alamominta sun haɗa da ƙullutu marar zafi a nono ko hammata, da lotsawar fata, da shigewar kan nono ciki, da fitar jini daga gare shi. Rashin zafin ne yake yaudarar mutane. Ga kuma camfin da ake yi cewa "daji ba ya son ƙarfe", wato allura ko wuƙar likita tana harzuƙa shi. Abin da yake faruwa shi ne, mata da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya riga ya bazu, idan suka rasu bayan tiyata sai a ce tiyatar ce ta kashe su. Wadda aka gano tata da wuri tana da kyakkyawan zaton warkewa.

Sankarar bakin mahaifa kuwa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV take haddasa ta, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. A shekarar 2020 ta kama mata kimanin 12,000 a Nijeriya, ta kashe kimanin 8,000. Wannan dogon lokaci dama ce, domin gwaji yana gano sauyin tun bai zama ciwo ba, a kuma kawar da shi cikin 'yan mintoci. Ana ba da shawarar a fara gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau kuwa daga 25. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafi guda ɗaya kyauta. Jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, alamu ne da ba a zama da su.

Ɗaukewar Haila da Tsufa

Tsakanin shekara 45 zuwa 55 haila takan ɗauke, kuma ana tabbatar da haka idan an yi wata 12 a jere ba a gan ta ba. Raguwar sinadarin da ƙwan mace yake fitarwa tana kawo jin zafi kwatsam a fuska da ƙirji, da gumin dare, da rashin barci, da bushewar gaba. Ƙasusuwa ma sukan yi rauni, ta yadda ƙaramar faɗuwa take karya ƙugu. Matan da suke zaune a ƙasashen da rana ba ta da ƙarfi, kamar Ingila, sun fi fuskantar ƙarancin bitamin D, wanda ƙashi yake bukata. Duk jinin da ya dawo bayan haila ta ɗauke dole ne a bincike shi.

A wannan mataki hawan jini da ciwon sukari suke ƙaruwa, kuma su ne suke kai wa ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Hawan jini ba ya ba da sanarwa, sai an auna ake saninsa, maganinsa kuma ba a daina shi don an ji sauƙi. Gishirin da ya dace da mutum a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙulen ɗanɗanon miya. Shekarun da aka yi ana shaƙar hayaƙin itace a madafa sukan bar tari da ciwon ido, yawan haihuwa kuma yakan sa mahaifa ta zazzago. Tsofaffi da dama suna zama da wannan na ƙarshe shekara da shekaru ba su faɗa ba, alhali ana gyara shi da zobe na musamman ko da tiyata.

Kammalawa

Idan aka dubi larurorin da aka ambata, za a ga cewa kusan kowace ɗaya tana da rigakafi ko magani sananne, kuma da yawa ba su da tsada: ƙwayar ƙarin jini, da na'urar auna hawan jini, da allura guda ga yarinya 'yar shekara 9. Abin da ya fi kashe mata shi ne zuwa a makare, makarar kuwa daga shiru take farawa. Kunya ado ce a wurin Hausawa, amma su ne dai suka ce "ranar wanka ba a ɓoyon cibi". Nauyin bai tsaya a kan mace ita kaɗai ba. Miji da suruka da uwa su ne sukan yanke shawarar tafiya asibiti, hukuma ce take da alhakin samar da ungozoma ƙwararriya da jini da hanya, ilmin 'ya mace kuwa, kamar yadda binciken Zariya ya nuna tun shekarar 1985, yana cikin abubuwan da suke raba wadda ta sauka lafiya da wadda ta rasu a kan gwiwa.